Inda Za a Kwantar da Rhoda

Ellergill, farkon Oktoba

Zuwa ga 'yar'uwata Jerida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da jikoki da duk mutanen Kaimosi. Yaya gwiwar nan taki? Allah Ya sa ta yi sauƙi.

Bayan gaisuwa, na samu wasiƙar da kika aiko ta cikar shekara da rasuwar mijina Wilf. Na gode. Ban amsa da wuri ba domin wani abin ya sake faɗo mini. 'Yata Rhoda ce. Ciwon dajin da aka yanke mata bara ya dawo, ya shiga hanta. Tana kwance a asibiti a Newcastle. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce kada mu sa ran za ta kai lokacin haihuwar tumaki bayan sanyi ya wuce.

Kin san Rhoda, ke kika koya mata kitso lokacin da kika zauna gidanmu kina karatun nas. Kin kuma san ta bar mu ta shiga addinin Baha'i. Mutane suna cewa don ta auri Behnam ne, amma gaskiya sai da ta shiga sannan suka haɗu. Kuma ba mu muka kore ta ba. Taron Abokai irin namu na nan, ɗarikar Kiristan da ke ibada cikin shiru, wa ya taɓa kora? Muna da Ambrose wanda ba ya buɗe baki sai da ayar Littafi Mai Tsarki. Muna da wata baiwar Allah da ke zaman shiru irin na mabiya Buddha. Wilf ɗina ya yi shekara da shekaru yana dattijon taro bai yarda akwai Allah ba. Na san har gobe wannan yana ɗaure miki kai, ku da kuke da fasto da waƙa da wa'azi. Na tuna kin ce masa, "Wilf, da a Kenya ne da tuni mun zaunar da kai a bencin baya muna yi maka addu'a." Ya ce, "Bencin baya ai ya fi kusa da murhu."

Su 'yan Baha'i ne suka ce mutum ba ya riƙe suna a addini biyu. Sai ta rubuto aka cire sunanta daga cikin namu. Wilf ya ce, "Yarinya ta samu abin riƙewa, ni da ban samu ba me zan ce mata?" Ni kuwa ɗakin girki na shige na yi kukana.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Laraba Behnam ya ja ni gefe a barandar asibiti. Yaron kirki ne, kin san shi da ladabi. Ya ce, "Mama, ku yi haƙuri, akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu." A addininsu ba a ƙona gawa, kuma ba a ɗaukar ta a kai ta nesa. Inda mutum ya cika, to cikin tafiyar awa ɗaya daga wurin za a binne shi. Daga Newcastle zuwa nan kuwa awa biyu ne, ko da gudun Behnam.

Jerida, akwai wuri kusa da Wilf a maƙabartar bayan ɗakin taro, jikin katangar da ya gina da hannunsa. Daga tagar ɗakin girkina ina hango ta. In aka binne Rhoda a birni, ni ban iya tuƙi ba, sai bas zuwa gari, sai jirgin ƙasa, sai a sauya wani. In ƙanƙara ta sauka ko bas ɗin ma ba ya hawowa.

Na yi tunani na ga mafita ɗaya ce. In dawo da ita gida tun da ranta, ta cika a ɗakinta na ƙuruciya, daga nan zuwa wajen ubanta taku kaɗan ne, ba dokar wanda aka taka. Sai dai maƙabartar ta 'yan taro ce, ita kuwa ta cire sunanta. Dole sai taro ya yarda. Na roƙi Muriel, magatakardarmu, ta kawo maganar a zaman wannan watan. Ta riƙe hannuna ta ce za ta kawo. Ba ta ce za a yarda ba.

Ki sa mu a addu'a, irin taku mai ƙarfi da ake ji daga bakin titi. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Enid

Ellergill, ƙarshen Oktoba

'Yar'uwata Jerida,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida. Ina fata masarar da kika ce ruwa ya kwantar ta miƙe. Ni dai ina nan, ina ci ina sha, barcin ne babu.

An yi zaman ranar Lahadi bayan sujada. Kin tuna yadda muke yi, ba a ɗaga hannu a ƙirga. Ana yin shiru, wanda abu ya taso masa ya miƙe ya faɗa ya zauna, a sake yin shiru, har sai magatakarda ta ji bakin kowa ya zo ɗaya sannan ta rubuta. In bai zo ɗaya ba, sai a jira. Duk rayuwata ina alfahari da wannan. Ranar Lahadi kuwa ji na yi kamar in fasa taga.

Ambrose ne ya fara miƙewa, yana dogara sandarsa. Ya ce yana ƙaunar Rhoda, shi ya fara ɗora ta a kan tarakta. Amma da ƙafarta ta fita, ta ce ta samu wani manzo bayan Yesu. Sannan duwatsun kabarinmu duk girmansu ɗaya, suna da shekara kawai, babu ado, don kada wani ya fi wani ko a ƙasa. Ya ji an ce su 'yan Baha'i tauraro suke sassaƙawa a nasu. Ya ce, "In aka sa tauraro yau, gobe wani zai zo da mala'ikan farin dutse."

Na sa rai a kan Desmond, tsohon malamin makarantar nan, tunda shi ra'ayinsu ɗaya da Wilf, bai yarda akwai Allah ba. Na ce wanda bai yarda da komai ba ai ba abin da zai tsone masa ido. Ashe na yi kuskure. Ya je ya karanto yadda 'yan Baha'i suke jana'iza. Ya ce suna da rubutacciyar addu'ar mamaci, mutum ɗaya ke karantawa kowa yana tsaye, akwai layuka shida da ake maimaita kowanne sau goma sha tara. Ya ce kakanninmu kurkuku suka shiga don kada a tsaya a kansu ana karanta musu rubutacciyar addu'a, kuma a ƙasar nan tamu ba a taɓa binne kowa ba sai cikin shiru.

Aka yi shiru mai tsawo. Na so in miƙe. Zuciyata tana bugawa kamar yadda ake cewa tana yi in magana ta zo wa mutum, amma na rasa ko daga Ruhu ne ko daga fushi, sai na zauna. Muriel ta rubuta cewa ba mu kai ga baki ɗaya ba tukuna, za mu riƙe Rhoda a zuciya, mu dawo kan maganar wata mai zuwa.

Wata mai zuwa, Jerida! Idanun yarinyar sun riga sun zama ruwan ɗorawa.

Wajen shan shayi na kasa haƙuri. Na tare Desmond yana cusa kek ɗin citta a baki, na ce, "Kai da ka ce babu mai jin addu'ar, ina ruwanka da tsawonta?" Ya ce, "Enid, ƙafafuna za su ji." Muriel ta ce, "Ku rubuta ranar yau, Ambrose da Desmond sun yarda da juna, duniya ta zo ƙarshe." Wasu suka yi dariya. Desmond ya ga ni ban yi ba, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ki yafe mini, bakina ne." Na ɗauki kwat ɗina na fito.

Na je wajenta ranar Talata. Ta rame ƙwarai. Parisa, jikata, tana gefen gado da kayan makaranta tana yi mata zanen doki. Da ubanta ya tafi da ita, muka zauna ni da Rhoda hannu cikin hannu, ba wanda ya ce uffan, har lokacin ziyara ya ƙare. Ko da ta bar mu, shirun nan bai bar ta ba. Ban gaya mata shirin da nake yi ba. Ba na so in sa mata rai, taro ya zo ya ce a'a. Behnam kaɗai na taɓa wa maganar a bakin mota. Na ce, "In na samo mata wuri kusa da ubanta fa, na dawo da ita gida?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, duk abin da Rhoda take so." Na ɗauka ya yarda ke nan.

Na share ɗakinta, na sauya labule, na yi magana da nas mai zuwa gida. Komai ya kammala sai bakin mutane. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ɗauka daga asibiti ne.

Ki gaida yara. Allah Ya bar zumunci.

Taki,
Enid

Ellergill, Nuwamba

Jerida 'yar'uwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, na gode da azumin da matan taronku suka yi mana. Ki gaya musu an amsa, sai dai ba yadda na zata ba. Ki yi haƙuri da rubutun.

Muriel ba ta jira watan ya cika ba. Ta bi kowa a waya, aka yi zama na musamman ranar Alhamis da rana. An daɗe ana shiru, ba ka jin komai sai ruwa a kan rufi da tarin Ambrose. Can sai ya miƙe. Ya ce ya je ya tsaya a kan kabarin Wilf da safe. Ya ce, "Rabin rayuwata na yi ina zaune benci ɗaya da mutumin da bai yarda da Ubangijina ba, kuma bai taɓa tare mini haske ba. Na taya ɗaukar gawarsa, ban ji ƙasar nan ta yi gardama ba. To 'yarsa da ta yarda da Allah fiye da shi, ni wa zan ce?" Ya ce abu ɗaya yake roƙo, dutsenta ya zama irin na kowa. Desmond ya ce shi har yanzu addu'ar ba ta kwanta masa ba, amma ba zai tsaya a hanya ba, zai zo da kujerarsa. Muriel ta rubuta an yarda ta karanto, kowa ya amsa yadda muka saba, "Muna fatan haka." Aka gama.

Washegari na kama bas ɗin farko. Duk hanya ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na tarar da ita a farke, an jingina ta da matasai. Ban ko cire kwat ba na zayyana mata komai, dokar awa ɗaya, da ɗakinta, da sabon labule, da abin da Ambrose ya ce, da kujerar Desmond.

Ta zuba mini ido. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Ta ce, "Mama, wato zama biyu kuka yi kuna shiru a kan gawata, aka rasa wanda zai ɗaga waya ya tambayi gawar?"

Gaskiya ce. Mutum wajen ashirin, kowa ya saurari zuciyarsa, kowa ya saurari ɗan'uwansa, ba wanda ya ce shin an ji ta bakin Rhoda. Ni da nake zuwa in riƙe hannunta awa guda ban tambaya ba. Na ɗauka shirun da muke yi tare magana ɗaya muke yi.

Ta ce, "Allah sarki Ambrose. Ki ce masa na gode, da gaske nake. Amma Mama, Parisa fa?"

Na ce, "Parisa me?"

Ta ce, "Shekararta tara. Maƙabartar birni tana bayan makarantarsu, daga aji ana hango itatuwanta. In tana son zuwa sai ta ce wa ubanta su biya kafin su wuce gida. In kika kai ni Ellergill, sau nawa za ta gan ni a shekara? Lokacin hutu?"

Jerida, abin da ya fito daga bakina ba mai kyau ba ne. Na ce, "Ni na haife ki."

Ta ce, "Ni ma ni na haife ta."

Muka yi shiru, amma ba irin wanda muka saba ba. Daga baya ta jawo hannuna ta ɗora a kumatunta. Ta ce, "Ki ji, tsohuwa mai rigima. Kin binne Baba bara, ba zan ƙara miki wani ciwon da gangan ba. A wajenmu ma yardar iyaye ba abin wasa ba ce, kin tuna sai da kuka sa hannu ke da Baba kafin a ɗaura mana aure. In kin ce in zo gida, zan zo, Behnam ba zai hana ba. Ke za ki faɗa. Amma don Allah kada ki kai maganar taro, ba ni da wata guda."

Na sumbace ta na fito. A tasha na bar jirgi ya wuce ni ina zaune ina kallonsa.

Yanzu ga ni a gida. Ga ɗaki a share, ga izini a hannu, ga katangar Wilf ina hango ta. Abin da na yi ta roƙo an ba ni, kalma ɗaya ta rage in furta. In na ce ta zo, kullum da safe zan fita da shayina in gaishe su su biyu. Sai kuma in tuna fuskar yarinyar nan tana zanen doki. Tsorona kada waya ta yi ƙara kafin in yanke, a ce shirun nawa ne ya yanke mini. Na san amsarki ba za ta iso da wuri ba. Na rubuta ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Ki gaida maigida.

Enid

Ellergill, Disamba

'Yar'uwata abar ƙaunata Jerida,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara da jikoki. Na san Muriel ta kira ki ta sanar da ke. Na gode da kukan da kika taya ni, ta ce da ƙyar kika iya magana. Yanzu na ɗan samu ƙarfin riƙe biro.

Kwana biyu bayan wasiƙar da na aiko miki na koma. Ban tsaya gaisuwa ba don kada in fasa. Na ce, "Ki zauna inda 'yarki take." Ta lumshe ido ta ce, "Na gode, Mama." Sai kuma ta ce, "Labulen wane launi kika saya?" Na ce kore. Ta ce, "Gara da ban zo ba." Haka Rhoda take har ƙarshe.

Ban koma gida ba, na zauna wajensu. Ta cika ranar wata Litinin da hantsi, Behnam yana riƙe da hannu ɗaya ina riƙe da ɗaya. Matan Baha'i suka yi mata wanka, suka naɗe ta cikin farin yadi mai laushi, suka sa mata zobe. Sun kira ni na taya su. Ban san addu'o'insu ba, amma na san jikin 'yata, ni na wanke mata kai.

Ranar jana'iza ban sa ran kowa daga ƙauye ba, don an kwana ana ƙanƙara. Muna tsaye sai ga motar Desmond da wata a bayanta. Muriel, da Ambrose cikin kwat ɗin da ya yi aure da shi, da mai zaman Buddha, kusan rabin taro. Gwaggon Behnam ce ta karanta addu'ar. Doguwa ce kamar yadda aka faɗa. Da farko ina jin kowace kalma, cewa dukanmu masu haƙuri ne ga Allah, dukanmu masu godiya ne. Na ce a raina ni ba na cikin masu godiya yau. Amma da aka yi ta maimaitawa sai na daina gardama da ita, ta zama kamar ruwa yana sauka a rufin ɗakin taro, na tsaya a cikinta kawai. Da aka gama Ambrose ya ce amin da ƙarfi shi kaɗai, ya waiga yana harara ko wani zai ce wani abu. Desmond ya raɗa mini cewa ƙafafunsa sun mutu tun a layi na uku, a nan za a binne su su ma.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da na dawo gida na ga wurin nan kusa da Wilf ba a taɓa shi ba, na zauna a ƙasan ɗakin girki na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Wani lokacin har yanzu ina cewa da na ce ta zo. Ban san ranar da zan daina ba.

Asabar da ta wuce na je Newcastle. Bayan mun ci abinci Parisa ta ce in raka ta wajen uwarta, mu biyu kawai. A hanya ta ce, "Kaka, in na je da Baba sai ya yi ta karatu yana kuka, ni kuma sai in rasa inda zan sa idona. Mama ta ce ku ba kwa cewa komai."

Na ce haka ne. Muka zauna a wani benci da ke fuskantar kabarin, ƙasar ko kwantawa ba ta yi ba.

Ta ce, "To me ake yi a cikin shirun?"

Na ce, "Jira ake yi."

"Jiran wa?"

Na ce, "Ambrose ya ce Yesu. Kakanki ya ce ba kowa, amma bai taɓa fashi ba. Uwarki ta ce ita ta samu wanda take jira."

"Ke fa?"

Na ce, "Ni ban sani ba, 'yar nan. Ina dai zuwa."

Ta ɗan yi tunani ta ce to. Ta matso ta zura hannunta cikin aljihun kwat ɗina inda nawa yake. Ban taɓa ganin yaro ya zauna haka ba, ko ƙafa ba ta kaɗa ba. Ni ce ma na fara jin sanyi ya shiga ƙashina, amma na ƙi motsi. Mun daɗe. Can ta ja numfashi ta ce, "Na gama. Kaka, Asabar mai zuwa za ki zo?"

Na ce zan zo.

Ki gaida mutanen Kaimosi duka, ki gode wa matan taro. Allah Ya saka muku da alheri, Ya haɗa fuskokinmu.

'Yar'uwarki,
Enid Capstick